Daga Asusu Zuwa Dalar Gyaɗa



An nemi mu yi magana a kan yadda ƙuruciya da aikin farko kan share wa mutum hanyar zama mai sana'ar kansa. Wannan batu ya shafe mu ƙwarai, domin galibinmu mun shigo jami'a da niyya guda: mu karɓi digiri, mu yi bautar ƙasa, sa'an nan mu zauna jiran gwamnati ta kira mu. Da wuya a sami wani a ɗakin nan wanda ba shi da ɗan'uwa da ya shekara biyar yana jiran wannan kira. In kuwa aka ce mu kama sana'a, amsarmu ɗaya ce: ina jari? To, abin da muke so mu nuna yau shi ne, jari shi ne abu na ƙarshe da kan zo wa ɗan kasuwa. Abubuwa uku ke rigansa zuwa, watau tattali, da sanin kaya, da amana. Duka ukun kuwa tun mutum yana yaro, ko yana yaron wani, yake koyonsu. Shaidarmu ita ce tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata.

An haifi Alhassan a Bebeji ta ƙasar Kano wajen shekarar 1877, cikin Agalawa, waɗanda su da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi bafatake ne, amma ya rasu wajen 1885, sa'ad da yaron yake da shekara takwas. Mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tashi zuwa Akara, babban birnin Gana na yau, ta bar shi a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa aka sami sunan da ya cika ƙasa. Abin da ya gada bai taka kara ya karya ba, saboda haka ya yi karatun allo yana neman abin da zai ci da guminsa.

A nan ne ya koyi abu na farko, watau tattali. Duk ɗan abin da ya samu, yakan ci wani, ya jefa wani a asusu. Yaron da ya iya hana cikinsa anini domin gobe ya riga ya gane bambancin uwar kuɗi da riba, ko da bai san sunayensu ba. Mu nan muna karanta wannan bambanci a littafi, muna cin jarrabawa a kansa, amma da yawanmu kuɗin wata kan ƙare mana tun ran goma. Da yayyafi kogi kan cika.

Abu na biyu, sanin kaya da sanin hanya, a cikin ayari ya same shi. Yana da shekara kamar goma sha biyar ya bi fatake zuwa wajen mahaifiyarsa. Ayarin Gwanja makaranta ce mai tafiya da ƙafa. Akwai madugu, akwai jagaba, akwai zango bayan zango, ana shafe watanni a hanya. Ana fita da kanwa da tufafi da kayan fata, a dawo da goro. Goro kuwa kaya ne mai rai: sai an naɗe shi da ganye, ana kwance huhu lokaci lokaci, ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya fara lalacewa don kada ya ɓata sauran. Yaron ayari yana ganin yadda ake ciniki da masu gari, da yadda ake biyan kuɗin fito a bakin kogi, da yadda mai masauki ke tsaya wa baƙonsa. Wannan ilmi ba a kwace shi. A lokacin Basasar Kano, wadda ta ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, an kama Alhassan da 'yan'uwansa, sai da suka fanshi kansu. Ya rasa abin hannunsa, amma abin da ke cikin kansa na nan, ya sake kama fatauci. Daga baya ma yana cikin waɗanda suka fara zuba goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, maimakon doguwar tafiyar ƙasa.

Abu na uku, amana, shi ne ya buɗe masa babbar ƙofa. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Turawa sun sa ran auduga za su kwasa, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi riba, suka rungume ta. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su san wanda za a ba kuɗi tun kafin kaka ya kawo kaya ba. Fataken goro ne suka san wannan, domin suna da yara da dillalai a ko'ina, kuma sun saba ba da kaya bashi bisa magana kawai. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa. Ku lura, jama'a, kuɗin kamfani ne, amma suna da mutunci na Alhassan ne. Cikin 'yan shekaru ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano. Da bankin Bank of British West Africa, wanda ya zama First Bank na yau, ya buɗe reshe a Kano a 1929, kuɗin azurfa na kayan raƙumi 20 ya kai ajiya. Ya rasu a 1955, dalar gyaɗa tana tsaye a Kano tana ba da labarinsa. Jari ya zo, amma sai da ya tarar da mutumin da ya shekara talatin yana shirin karɓarsa.

Wani zai ce wannan labarin da ne. To, mu dubi tattaɓa-kunnensa, Alhaji Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a Kano a 1957. Shi ma ya rasa mahaifi yana da shekara takwas, ya tashi a gidan kakansa Alhaji Sanusi Ɗantata. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa tun yana firamare yakan sayi kwalin alewa ya sayar don ya ci riba. A 1977 ya fara ciniki da rance daga danginsa na wajen uwa, yana sayar da siminti da shinkafa da sukari, kafin ya koma sarrafa su da kansa. A 2023 aka ƙaddamar da matatar mansa a Lekki, mai iya tace ganga 650,000 a rana. Gaskiya ne ya tashi cikin wadata, kuma rancen da ya samu ba kowa ke samun irinsa ba. Amma 'ya'yan attajirai nawa aka ba irin wannan kuɗi suka cinye? Shi an ba wanda ya riga ya iya juya kwalin alewa ne.

A nan wajibi ne mu yi hattara, kada a fahimce mu a baibai. Ba muna yabon wahala ba ne. Alƙaluman hukumar UNICEF sun nuna yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu kuwa a Arewa suke. Yarinyar da ke yawon talla daga safe har dare, a karɓe cinikin ba tare da an nuna mata lissafi ba, ba sana'a take koyo ba, ƙuruciyarta ake ci. Almajirin da ke yawo da kwano babu mai lura da shi, shi ma haka. Dubban yara sun sha wuya irin ta Alhassan, ba wanda ya san sunansu. Abin da ya raba shi da su shi ne ya sami karatu, ya sami manya masu nuna masa yadda ake yi, kuma an bar masa wani abu nasa ya juya. Aikin yaro yakan zama makaranta ne idan akwai malami a cikinsa. 'Yan'uwanmu Ibo sun riƙe wannan da kyau: yaro ya yi shekaru a shagon ubangidansa a Onica ko Nnewi, ran sallama a ba shi jari ya buɗe nasa. Mu ma muna da al'adar ubangida da yaronsa a Kurmi da Kantin Kwari da Dawanau, sai dai mu 'yan boko mun ɗauke ta abin raini.

To, mu da ƙuruciya ta wuce mana, me ya rage? Aikin farko bai wuce ba. Dogon hutu ayari ne, watannin da ake tura mu koyon aiki a masana'antu ayari ne, shekarar bautar ƙasa ma haka. Maimakon mu kwana a gida muna jiran a koma makaranta, mu je mu zauna a shagon kawu ko wajen ɗinkin inna, mu riƙe littafin ciniki, mu san inda ake saro kaya da nawa ake sarowa, mu ga yadda ake bin bashi ba a ɓata zumunci ba. Mu shiga adashi, mu biya a kan lokaci, domin nan ake fara sanin mai amana. 'Yan'uwanmu mata kuwa su tuna, mahaifiyar Alhassan kanta 'yar kasuwa ce, kuma iyayenmu mata sun daɗe suna juya kuɗi daga cikin gida.

Yayyenmu ma'aikata, ku dokar ƙasa ta hana ku gudanar da kasuwanci muddin kuna bakin aiki, in ban da noma. Ku kiyaye ta, gama wanda ya fara sana'a da kuɗin ofis ya karya amana tun kafin ya buɗe shago. Amma noma da kiwo a buɗe suke, kuma ofis kansa wurin koyon lissafi da tsari da cika alkawari ne, abubuwan da za su yi muku rana in kun ajiye aiki.

A ƙarshe, mu tuna da ƙannenmu na gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu saya musu asusu, mu koya musu lissafi, mu tabbata suna zuwa makaranta. In mun yi haka, su ba za su tsaya a gaban jama'a suna tambayar ina jari ba.

Allah Ya sa mu dace.