Ciwon Ƙoda na Gado da Wajibcin Haɗa Ƙarfi



Daga cikin cututtukan da Allah Yake jarrabar bayinSa da su, akwai ciwon ƙoda na gado, wanda jakunkunan ruwa ke tsirowa cikin ƙoda suna girma sannu a hankali, har mai shi ya fara fama da hawan jini, da ciwon kwiɓi, da fitsarin jini, alhali bai san musabbabinsu ba. Galibi idan uwa ko uba na da shi, kowane ɗa yana tsakanin gadonsa da tsira, rabi da rabi. Kuma kusan rabin masu shi kan buƙaci wankin ƙoda kafin shekara 60.

To, manomin Barmu da ya tashi da kumburin ƙafa, ya sayar da akuyarsa ya nufi asibitin Tawa, daga nan aka tura shi Yamai, ba ya da wani kundi da zai haɗa labarinsa da na danginsa, balle masana su amfana. Ilmi kuwa ba ya bunƙasa a warwatse: a 2012 shirin H3Africa ya haɗa masanan ƙoda na Najeriya da Gana, suka yi tarayya cikin kuɗi da ma'ajiyar jini, aka ga fa'idarsa.

Saboda haka muna kira ga hukuma, da likitocinmu, da attajiran yankin Adar na gida da na ci-rani, su kafa asusu guda da kundi guda, bisa amana da sirri, domin neman magani farali ne na kifaya. Wanda ciwon ya taɓa gidansu kuwa, ya je a yi masa hoton ciki tun da wuri.