Malam, Goruba Fa, Ya Sunanta Da Turanci?

Waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, ga rubutun shirin nan kamar yadda muka saba.

Yau zan fara ne da tona wa kaina asiri. Ku yi dariya in kun ga dama, ni ma na yi wa kaina daga baya.

A dogon hutun da ya wuce na koma gida Tamawa. Wanda bai san wurin ba, muna nan tsakiyar jihar Katsina, yankin Kurfi da Dutsin-Ma. Ni da abokaina biyu muka ce maimakon zaman majalisa daga safe har azahar, bari mu riƙa tara yaran unguwa muna yi musu darasi kyauta. Aka ba ni Turanci, wai ni ne mai digiri, ni ne na je bautar ƙasa. Na sayo irin babbar takardar nan mai hotunan 'ya'yan itatuwa da ake mannawa a bangon aji, na rataye ta a zaure. Ina nunawa da tsinke, yara suna amsawa da ƙarfi: apple, strawberry, cherry, peach. Murya har bakin titi. Ni kuwa sai hura hanci nake, ina ganin aiki yana tafiya.

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da kan zo da farantin tallarta, ta ajiye a bakin ƙofa, in an tashi ta wuce. Goruba take sayar wa mahaifiyarta. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, goruba fa, ya sunanta da Turanci?"

Jama'a, wallahi ban sani ba. Gorubar da na ci har haƙorina ya yi ciwo. Na duba takarda, babu ita. Na yi irin dabarar da wasu malamai kan yi in an ƙure su, na ce, "Za mu zo wurin, wannan darasin gobe ne." Ashe kawuna yana kishingiɗe a waje yana jin mu. Da yara suka watse sai ya ce, "Kai ɗana, duk shekarun nan da ka yi a jami'a, ba a kai ga babin goruba ba?"

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Na ɗauki biro na rubuta duk abin da muka taso muna tsinka ko muna saye da kuɗin tara: goruba, kanya, magarya, kurna, aduwa, ɗinya, taura, giginya, ɗorawa, tsamiya, kuka. Guda 11. Na gwada kaina. Biyu kacal na iya faɗa da Turanci, tsamiya da kuka. Amma strawberry, wadda ban taɓa sa wa a baki ba sai da na girma na shiga birni, na iya rubuta ta tun ina firamare.

To ka ga inda matsalar take. Yaro ya haddace sunan abin da bai taɓa gani ba, ba shi da inda zai rataye kalmar a ƙwaƙwalwarsa. Ba ɗanɗano, ba ƙamshi, ba labari. Ya rera ta kamar waƙa, bayan jarrabawa ta bi iska. Kuma a hankali wani abu yana shiga zuciyarsa ba tare da kowa ya faɗa masa ba: wai abin da ke da suna a Turanci shi ne abin kirki, namu na daji kuwa kayan ƙauye ne da ba su isa shiga littafi ba. Ni kaina da wannan tunanin na girma, ban ankara ba sai da yarinyar nan ta tambaye ni.

Sai na hau bincike a waya, ina neman inda sabis ya fi ƙarfi a tsakar gida. Abin da na gano ya ƙara mini kunya, ya kuma faranta mini rai.

Goruba sunanta doum palm fruit, wasu su taƙaita su ce doum. Kalmar ma daga Larabci Turawa suka aro ta. A Masar har yau ana yin abin sha da ita, musamman da azumi. Kuma an samu kwandunan goruba a kabarin Fir'auna Tutankhamun, sun haura shekara 3,000 a ajiye. Abin da ake yi wa sarkin Masar guzuri da shi, shi ne a farantin yarinyar nan.

Na kuma gano cewa an daɗe da yin wannan aikin, mu ne ba mu nema ba. Wani likita Bature mai suna Dalziel, da ya yi aiki a Arewacin Najeriya zamanin mulkin mallaka, ya bi manoma da masu magani yana tambayar sunayen itatuwa da tsirrai. A 1916 ya fitar da littafi sukutum na sunayen tsirrai da Hausa tare da sunayensu na kimiyya. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 shi ma cike yake da su. Fiye da shekara 100 ke nan wani ya taso daga wata duniya ya rubuta sunan kanya da taura, mu jikokin masu kanyar muna kame-kame.

To bari in ba ku abin da na tattara. Mai biro ya ɗauko.

Mu fara da na kasuwa, waɗanda ke kan teburin mai kayan marmari. Mangwaro mango. Gwaiba guava. Ayaba banana. Abarba pineapple. Kankana watermelon. Kwakwa coconut. Inabi grapes. Tuffa apple. Rumman pomegranate. Dabino date, kuma kada ka rikice, kalma ɗaya ce da ta kwanan wata, jimla ce ke bambanta su.

A nan akwai tarko uku da na ga suna kama har manya. Na farko lemu. Lemun zaƙi orange ne. Ɗan ƙaramin koren nan mai tsami da muke matsawa a shayi ko a kunu, lime ne. Lemon wani ne daban, ya fi girma, ɓawonsa rawaya. Na biyu gwanda: a Najeriya da Ingila za ka ji pawpaw, a Amurka da yawancin shafukan intanet papaya, duk abu ɗaya ne. Na uku fiya. Mu nan in an ce pear, fiya ake nufi, amma a waje sunanta avocado, pear kuwa wani ɗan itace ne dangin tuffa. Ka je wata ƙasa ka ce a ba ka pear, abin da za a miƙo maka ba shi ka nema ba.

Yanzu na gida, waɗanda takardata ta manta da su. Tsamiya tamarind, asalin kalmar Larabci ce, ma'anarta dabinon Indiya. Tsamiyar biri velvet tamarind. Kuka baobab. Magarya jujube. Kurna Christ's thorn jujube, ita ce Larabawa ke kira sidir, kuma zumar sidir ta Yaman da ake sayarwa da tsada daga furenta ƙudan zuma ke yin ta. Aduwa desert date, wato dabinon hamada. Ɗinya black plum. Taura sweet detar. Ɗorawa African locust bean. Giginya African fan palm. Gwandar daji wild custard apple. Ɗanya marula. Kaɗanya shea. Agwaluma, da ake kawo mana daga Kudu, African star apple. Wadda ta fi ba yara dariya ita ce kanya: jackalberry. Jackal shi ne dila, an sa mata sunan ne don dila yana cin ta. Tun ranar babu yaron da ya manta, sai ka ji suna tsokanar juna, "Kai da dila abincinku ɗaya."

Wani zai ce, to Malam, don na san sunan aduwa da Turanci sai me? Zai sa mini tuwo a kwano?

Saurara ka ji. Farin garin 'ya'yan kuka, wanda ake kaɗawa a nono, a 2008 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da shi a matsayin abinci a ƙasashenta, Amurka ta biyo baya a 2009. Ya fi lemu sinadarin bitamin C. Yau ana zuba shi a 'yan ƙananan leda masu kyau, a rubuta baobab powder, a jera a manyan kantuna. Man kaɗe da kakanninmu mata ke shafawa da hunturu, shi ne shea butter da ke cikin man shafawa masu tsada da cakulan. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwarar kaɗanya, amma yawanci ɗanya ake kwashe ta, wasu su sarrafa su ci ribar. Har ta kai a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar na wata shida. Ayar da muke yi wa kunu, wadda ba ɗan itace ba ce amma tare ake tallarsu, sunanta tiger nut, kuma a birnin Balansiya na ƙasar Sifen suna da irin kunun ayarsu da suke alfahari da shi.

Ka rubuta "aduwa" a Google, ka ga ɗan abin da zai fito. Sannan ka rubuta desert date oil ka ga bambanci: masu saye, farashi, binciken jami'o'i, bidiyon yadda ake tatsar man. Wanda ya san sunan shi ke ganin wannan kasuwar. Wanda bai sani ba, sai ɗan tsakani ya zo ƙauye ya auna a tiya, ya ba shi abin da ya ga dama. Hausawa suka ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Amma akwai abin da ya fi kasuwa damuna. Da na zo koyar da sunayen, na ce kowane yaro ya kawo ɗan itace ɗaya daga gida. An kawo goruba, tsamiya, aduwa, ɗinya. Taura da gwandar daji kuwa, fiye da rabin yaran ba su taɓa ganin bishiyarsu ba. Mu a shekarunsu, da hunturu muna gindin magarya da kanya, da bazara bakinmu rawaya da garin ɗorawa. Su kuwa sun taso a lokacin da shiga daji ya zama kasada. Kowa ya san halin da yankinmu ya shiga, daga Kurfi zuwa Safana, Batsari da Dutsin-Ma, saboda 'yan bindiga. Uwa ba za ta bar ɗanta ya yi nisa don tsinkar kanya ba, kuma tana da gaskiya. Bishiyoyin da ke kusa da gari kuma gatari yana cin su, ana itacen girki da gawayi, don talauci bai san bishiya mai 'ya'ya ba. Katsina tana cikin jihohi 11 na shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa da ake yi don tare hamada, amma mu a ƙasa muna sare abin da kakanni suka bar mana.

Ka ga ke nan ba Turancin kaɗai ke neman kuɓuce wa ƙannenmu ba, har Hausar. Yaron da bai san taura da Hausa ba, me za ka fassara masa?

Don haka muka canza salon darasi, kuma ga yadda muka yi, ko wani zai gwada a unguwarsu. Kalma biyar a rana, ba ƙari. Abin yana hannun yaro, ya taɓa, ya sansana, in na ci ne ya ci. Ya faɗi sunan da Hausa tukuna, sannan Turanci. Daga nan ya sa shi a gajeriyar jimla da ta shafe shi, kamar "My mother sells doum fruit." Ranar Laraba, wanda aka je da shi kasuwar Dutsin-Ma ya dawo mana da sunan abu uku da ya gani. Wanda ba mu samu ba, mu aiki yaro wurin kakarsa ta kwatanta masa bishiyar da lokacin nunarta, ya zo ya ba aji labari. Tsofaffi suka zama malamai, har kawun nawa da ya yi mini dariya sai da ya zo ya yi mana bayanin yadda ake bambanta kurna da magarya. Ban jefar da takardar apple ɗin ba, tana nan, don su ma za su zo a jarrabawa. Sai dai yanzu kusa da ita akwai kwali da yaran suka zana namu da hannunsu.

Kirana ga 'yan uwa ɗalibai, musamman na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Masu karanta aikin gona, kun san sunayen kimiyya. Masu karanta Turanci da Hausa, kun san yadda ake tsara darasi. In kuka haɗa kai, takarda ɗaya mai hoton 'ya'yan itatuwanmu da sunayensu cikin harsuna biyu ba ta fi ƙarfinku ba. Ba sai an jira gwamnati ko wata ƙungiyar waje ba. Wayar hannu da kuɗin buga takarda sun isa.

Ita kuwa yarinyar, washegari na kira ta gaban aji na ce, "Jiya ban san amsarki ba, shi ya sa na ce sai gobe. Yau na sani." Na faɗa mata, har da labarin Fir'auna. Ta maimaita sau uku, ta ɗauki farantinta. Da yamma ina zaune sai na jiyo ta a lungu tana talla, "A sayi doum! Gorubar Fir'auna!" Mahaifiyarta ta aiko mini da guda biyar, ta ce ladan malam.

Aikin gida na wannan mako: ka rubuta 'ya'yan itatuwa 10 da ka ci kana yaro, ka gwada nawa za ka iya faɗa da Turanci ba tare da duba waya ba. Wanda ya kasa, ya nemo, sannan ya koya wa yaro ɗaya a gidansu. In kuma a garinku akwai wanda ban ambata ba, ko kuna kiransa da wani suna daban, ku aiko mana, mu haɗa a shiri na gaba.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu, yaranmu su koma gindin kanya ba fargaba. Sai mun haɗu a mako mai zuwa. Na bar ku lafiya.