Wa ke auna bayanin da muke rubuta wa ɗan aiken kwamfuta?

Shugaban taro, malamai da ɗaliban da suka taso daga Kazaure, jama'ar Roni:

Ba sai na tsaya bayanin ƙirƙirarriyar basira ba, rabinku da ita kuke rubuta aikin gida. Abin da ya kawo ni shi ne wakilin da ake aika ya yi aiki da kansa: ya duba farashi, ya tura kuɗi, ya cike takarda. Tun da OpenAI ya buɗe hanyar kiran kayan aiki a Yunin 2023, Anthropic kuma ya fitar da tsarin MCP a Nuwamban 2024, ƙa'idar ɗaya ce. Wakilin ba ya leƙa cikin manhajar da ka gina. Suna yake gani, da 'yan layukan bayani, da guraben da zai cike. Yaron aike ne baƙo a gari, abin da ka faɗa masa kaɗai ya sani.

Shekara da shekaru muna sa-in-sa da abokan aikina a kan wannan. Ɗalibi ya kawo aikin kammala karatu, a ba shi maki a kan ko manhajar ta tashi, bayanin kuwa ko kallo ba a yi masa. Wanda ya ɗan kula sai ya duba nahawun Turanci. Turanci mai kyau bai taɓa hana aike ɓata ba.

Ku ɗauki kasuwar Babura. A ce ɗalibinmu ya gina abin duba farashin gero, ya rubuta: "yana ba da farashin hatsi." Farashin me? Mudu, ko tiya, ko buhu? Tiyar wace kasuwa, tunda cikar wannan gari ba ita ce ta wancan ba? Da wane kuɗi? Babura na bakin iyaka, masu saye na shigowa daga Nijar. Jaka a wajenmu naira 200 ce, a wajensu sefa 1,000. In suka ce dala, sefa 5 suke nufi. Dillali ya san da wa yake magana, daga jin harshe zai gane. Wakilin zai zaɓi ɗaya kawai, ya ba da amsa cikin natsuwa kamar ya sani, manomi ya sayar a kan lissafin da ba nasa ba. Kada ku ce wannan matsalar ƙauye ce. A Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare ya yi lissafi da ma'aunin fam, ɗayan yana jiran na niyuton. Injiniyoyi ne, ba 'yan koyo ba.

Don haka ba a auna bayani da karantawa. A ba wakilin tambayoyi irin na bakin mutane, da Hausar kasuwa, a ajiye masa kayan aiki biyu masu kama da juna, sannan a ƙirga: sau nawa ya ɗauki wanda bai dace ba, sau nawa ya cike gurbi da ma'aunin da ba shi ba, sau nawa ya kamata ya tsaya ya yi tambaya amma ya wuce. A gyara layi ɗaya, a sake gwadawa. In kuskure ya ragu, bayanin ya inganta.

Wasu na cewa wakilan suna ƙara wayo, za su gane da kansu. Wayo ba ya sanar da kai cikar tiyar kasuwar Gwiwa. Wasu kuma sun ce a sa wata na'urar ta ba da maki. Ita ma ba ta taɓa zuwa kasuwa ba.

Akwai kuma batun tsaro. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin, wakilin ya bi, mai amfani da shi bai gani ba. Duk abin da za a ɗauko daga intanet, mutum ya karanta bayaninsa kaf kafin a haɗa shi da wakilin.

Roƙona ga Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da cibiyar Informatics ta Kazaure tsoho ne: a ware wa bayani kaso na kansa a makin aikin kammalawa, kuma a ranar kare aikin a zaunar da ɗan kasuwa ɗaya cikin masu yin tambaya. Shugaban taro, na ga hannuwa a sama, a fara da malamai.