Ciwon da Ba Ya Fita a Gwajin Jini: Cin Zalin Yara a Makaranta da ta Waya

Jawabin wata ma'aikaciyar lafiyar al'umma a taron 'yan kasuwa da iyalansu a bakin iyaka

Sarkin kasuwa, shugabannin ƙungiyoyi, iyayena maza da mata, da na wajen Katsina da waɗanda suka tsallako daga wajen Maraɗi, ina yi muku barka da zuwa. Kun saba jin bakina a kan allurar rigakafi da zazzaɓin cizon sauro. Yau kuwa zan yi magana ne a kan wani ciwo da ba ya fita a gwajin jini, amma yana kawo mana yara ɗakin shan magani.

Kwanakin baya wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ta kawo mini 'yarta mai shekara 13, tana kukan ciwon ciki da ciwon kai. Na auna ta, ban sami zazzaɓi ba. Na tambayi uwar yaushe ciwon ke tashi, ta ce da safe, lokacin shirin makaranta. Ranar hutu fa? Ta ce ras take wuni. Sai na roƙi uwar ta ba mu wuri. Da kyar yarinyar ta buɗe baki: tana da i'ina, wasu 'yan ajinsu suka ɗauki bidiyonta tana karatu a gaban allo, suka saka a wani zauren WhatsApp, kullum ta shiga aji sai a hau kwaikwayon maganarta. Da uwar ta kai ƙara, shugaban makarantar ya ce wasan yara ne, kuma a waya aka yi, saboda haka ba ruwan makaranta, a yi haƙuri.

Wannan amsa ce ta sa na tsaya a gabanku. Faɗan yara daban, cin zali daban. Idan tsara biyu suka yi cacar baki da safe, da yamma za ka gan su suna ƙwallo tare. Cin zali kuwa alamunsa uku ne: da gangan ake yi, ana maimaita shi, kuma mai yin ya fi wanda ake yi wa ƙarfi, ko da shekaru, ko da yawan abokai, ko da kuɗin gidansu. Galibi a kan mai wani rauni yake faɗawa: mai sikila, mai farfaɗiya, zabiya, mai fitsarin kwance a makarantar kwana, maraya, ko baƙon da iyayensa suka ƙaura daga tsallaken iyaka, ana yi masa dariya don Hausarsa ta bambanta. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a rahotonta na 2019 cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya gamu da cin zalin 'yan'uwansa ɗalibai a cikin watan da ya gabaci binciken. Har rana aka ware domin yaƙi da wannan ɗabi'a, wato Alhamis ta farko a watan Nuwamba na kowace shekara.

Mu a wajen aiki, da jiki muke ganin abin: rashin barci, ƙin cin abinci, firgita, komawa fitsarin kwance bayan an daina, da faɗuwa jarrabawa. Ciwon cikin nan ba ƙarya ba ne, domin tsoro yana murɗa ciki da gaske. Na waya kuma ya fi muni ta wani fanni. A da, idan aka tashi makaranta yaro ya tsira sai gobe. Yanzu zagin yana biyo shi har kan tabarmarsa, hoton kuma yana iya tashi daga Jibiya ya isa Maraɗi kafin a sauke tukunya.

Kurakurai uku shugabannin makaranta suka fi yi. Na farko, raina ƙara, kamar yadda kuka ji. Na biyu, a fito da mai laifi gaban taron ɗalibai a zane shi, a ɗauka an gama. Bulala tana ƙarewa cikin minti biyu, amma a hanyar gida zai rama a kan wanda ya kai ƙararsa, sauran yara kuma su koyi yin shiru. Na uku, sulhun dole: a haɗa su a ofis a ce su gaisa su yafe wa juna, alhali ɗaya yana rawar jiki a gaban ɗayan.

Shugaba nagari ga yadda yake yi. Yana sauraron yaron shi kaɗai, ba tare da ya ce masa "kai ma me ka yi?" ba. Yana rubuta ƙarar da kwanan wata. Yana kare yaron tun ranar, ya sauya wurin zama, ya sa malami ya lura da inda ido ba ya kaiwa: bayan azuzuwa, wajen ban-ɗaki, bakin ƙofa lokacin tashi, da ɗakin kwana da dare. Yana jin ta bakin wanda ake zargi da shaidu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kira iyayen kowane ɓangare daban. Hukuncinsa yana daidai da laifi, kuma da nufin gyara, domin sau da yawa mai cin zalin shi ma ana dukansa a wani wuri. Yana yi wa ajin duka magana, saboda masu dariya da masu tura bidiyo su ne ke hura wutar. Bayan mako biyu kuma ya sake kiran yaron ya tambaye shi ko an daina. Idan a waya aka yi, ba zai ce babu ruwansa ba: muddin ɗalibansa ne suka yi, kuma abin ya hana ɗalibarsa zaman aji, to maganar ta shigo makaranta.

Iyayena, na san kasuwa ba ta barin mutum, amma ku ma da naku aikin. Idan yaro ya gaya muku, kada ku ce "je ka rama", kada kuma ku ƙwace wayarsa, domin tsoron ƙwacewar ne ke sa yara ɓoyewa. Ku ɗauki hoton saƙon ku adana kafin a goge, amma kada ku tura wa kowa. Ku je makaranta da kanku, cikin natsuwa, ku tambayi shugaba abu uku: me za a yi, wa zai yi, kuma yaushe za mu dawo? Idan ya yi biris, akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC a Najeriya, COGES a Nijar. Sama da su akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko sufeton ilimi. Idan akwai rauni a jiki, ko barazana, ko hoton tsiraici, maganar ta kai ga hukuma. Najeriya tana da dokar laifukan intanet tun 2015, Nijar kuma tun 2019. Idan kuwa ɗanku ne aka ce yana yi, ku daure ku saurara kafin ku kare shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu ɗaya kada ku jinkirta a kansa. Duk yaron da ya ce ya gaji da duniya, ko ya fara yi wa kansa rauni, kada a bar shi shi kaɗai, a kawo shi wurinmu a ranar.

Yarinyar nan, sai da uwarta ta koma tare da wani dattijo na kwamitin makaranta kafin aka zauna, aka kira iyayen yaran, aka goge bidiyon a wayoyinsu. Ta koma aji, ciwon cikin ya tafi ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba. Amma ta yi asarar kusan zango guda na karatu, abin da zama ɗaya zai iya hanawa tun farko.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba shugabannin makarantunmu ikon riƙe amana, Ya sa albarka a kasuwa.