Jawabi Game da Ƙafar da Ke Hana Barci



Akwai wata cuta wadda ba ta kai mutum ga gadon asibiti, amma takan hana shi barci shekara da shekaru. Da zarar mai ita ya miƙe bisa shimfiɗa, sai ya ji kamar tururuwa na tafiya can cikin ƙwaurinsa, ba kuwa zai sami sa'ida ba sai ya motsa ƙafar, ko ya tashi ya yi ta zagaya ɗaki. In ya koma ya kwanta, abin ya komo. Wani kuma yana cikin barci ƙafar za ta riƙa zabura da kanta, bayan kowace daƙiƙa 20 zuwa 40. Shi bai sani ba, matarsa ce ke shan shuri, ya dai wayi gari a gajiye.

Wannan ba aikin iska ba ne. Wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana cutar tun 1672, sa'an nan Karl-Axel Ekbom na ƙasar Suwidin ya yi cikakken bayaninta a 1945. Saboda haka ake kiranta cutar Willis-Ekbom.

To, ina maganar motsa jiki ta shigo? A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2006, an sa masu cutar tafiya a kan na'ura da atisayen ƙarfafa ƙafa, sau 3 a mako har mako 12, aka ga damuwarsu ta ragu fiye da ta waɗanda ba su yi ba. Watau ba a bukatar wani abin kashe kuɗi. Tafiya da sauri ta kamar minti 30, ko tuƙa keke, ta wadatar, muddin an dawwama a kai. Ma'aikacin ofis da direban babbar mota, waɗanda ke wuni a zaune, su ya fi kamata su lura.

Sai dai a kiyaye da lokaci da kuma awo. Wanda ya ce bari ya gajiyar da kansa da gudu mai tsanani bayan isha'i don barci ya sace shi, sau da yawa ƙafar ƙara tashi take yi. Da safe ko da la'asar ya fi. Dab da kwanciya kuwa, miƙe jijiyoyin ƙwauri a hankali, da tausa, da wanka da ruwan ɗumi sun isa. Goro da shayi da kofi, a bar su tun da rana ta yi sanyi, ko da yake masu goro ba za su so jin wannan ba.

Motsa jiki ba ya maye gurbin likita. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki yana daga manyan abubuwan da ke tayar da cutar, haka kuma ciwon ƙoda da juna biyu, musamman a watanni 3 na ƙarshe, ko da yake ta masu ciki takan tafi bayan haihuwa. Wasu magungunan mura masu sa barci ma suna tsananta ta. Kada a sha ƙwayar ƙarin jini da ka, domin ƙarfen in ya yi yawa yana da lahani. A je asibiti a auna jini, a tafi da duk magungunan da ake sha, in da hali kuma a tafi da wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi, don shi ne ya ga abin da ƙafar ke yi.