Man gas a risho: jawabi kafin zubin mako

Kafin a buɗe akwati a fara zubi, ina da 'yar magana a kan sanyin da ke tafe.

Tun da aka cire tallafin kananzir a 2016 kuɗinsa yake ta hawa, har akan samu lokacin da litarsa ta fi ta man gas tsada. Man gas nake nufi, wato dizal, wanda ake zuba wa injin niƙa da manyan motoci, ba gas ɗin tukunya ba. Shi ya sa wasunmu idan maigida ya shigo da ragowar man inji sai a juye a risho ko a hitar kananzir, a kunna a ɗaki don a ji ɗumi.

Zai kama wuta? E, zai kama. Amma ku duba yadda risho yake aiki. Lagwani ne ke tsotso mai daga ƙasa ya kai shi sama. Kananzir ba shi da kauri, yana hawa da sauri, ya ƙone tas, shi ya sa kuke ganin wutar shuɗiya. Man gas ya fi shi kauri da maiƙo. Da ƙyar yake hawa, kuma ba ya ƙonewa duka. Sai wutar ta koma ruwan ɗorawa, gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin, bakin lagwani ya daskare kamar an shafa masa kwalta. Kwana kaɗan sai sayen sabon lagwani, ga sabulun wanke-wanke, ga girki ba ya nuna da wuri. To ina arhar take?

Wannan duk asarar kuɗi ce. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hayaƙin. Man da bai ƙone sosai ba yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Idan aka shaƙe ta takan shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Takan fara da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sai barci mai nauyi. Mai barci kuwa ba ya jin komai, yana iya zarcewa. Ku tuna yadda muke yi wa ɗakin mai jego: a toshe taga da tsumma, a saki labule, a ja ƙofa. Jariri da mai ciki da tsofaffi su ne take fara kayarwa. Kaskon gawayi ma haka yake yi, har ma da kananzir ɗin kansa idan ɗaki a rufe yake ruf.

Wata za ta ce ai a wasu ƙasashe da dizal suke ɗumama gida. Gaskiya ne, amma murhunsu an ƙera shi ne don dizal, kuma yana da bututun da ke fitar da hayaƙi waje. Namu na lagwani ba shi da shi.

Saboda haka a ɗumama ɗaki da wuri, taga a ɗan buɗe, a kashe wuta kafin a kwanta. Kada a ƙara mai risho yana ci ko yana da zafi. Kananzir ɗin 'yan bumburutu kuma, in kin ji warin fetur a ciki, ki mayar. Wannan shi ne mai fashewa. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, a buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, a tafi asibiti, kada a tsaya jiƙa magani.

Ga shawarata ga ƙungiya: mu haɗa kuɗi mu sayi jarkar kananzir a gidan mai, mu raba da kwalba a farashin sari. Wadda ke son rancen bargo ko rigar sanyin yara ta faɗa wa magatakarda yau. Shugaba, bismillah, a ji ra'ayin mata.