Kuɗin Gwaji Kafin a Taka Aji

A Najeriya mai son shiga makarantar koyon aikin jinya sai ta kawo kiredit biyar, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, cikin zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Ba mu ja da wannan, rayuka za a damƙa mata.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan sunanta ya fito. A ce ta kawo hoton ƙirji, gwajin ciwon hanta da takardar likita, kuɗi hannu. Uban da ya sayar da buhun masara ya sayi fom, ina zai samo? Gwajin dole ne, amma yawancin makarantun nan a jikin asibiti suke. A yi mata can, a raba kuɗin cikin zangon karatu.